Sai Gawa Ta Cika Biyar

A ofishinmu na kula da tituna akwai wata ƙa'ida da kowa ya haddace: ba a kafa fitilar ba da hannu a wuri sai mutum biyar sun mutu a wannan sashe na titi cikin shekara ɗaya. A rubuce take a shafi na tara na littafin aiki. Ranar da na fara ganinta sai da na maimaita karatu, na zaci idona ne. Wata uku ke nan da kama aikina na injiniya, an ba ni tebur kusa da taga da tarin fayilolin haɗurra.

Babban titin da ya raba unguwarmu da asibiti yana cikin fayilolin. Hannu biyu ne, kowane hannu layi uku, shingen kankare a tsakiya. Akwai gadar sama ta masu tafiya a ƙasa, amma can aka kai ta gaban gidan mai, tafiyar minti ashirin, matakala sittin da biyu hawa, sittin da biyu sauka. Da ƙafata na ƙirga. Don haka mutane suka fasa shingen daidai ƙofar asibiti, wata 'yar ɓula siririya wadda ba ka wucewa sai ka juya ka bi ta da gefe, kayanka a ka ko a ƙirji.

Shekara goma sha ɗaya yayata tana bi ta ɓular nan. A ɗakin wankin asibiti take aiki, zannuwan gado da rigunan tiyata, kuma gwiwarta ta dama ta daɗe da lalacewa. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu har na gama makaranta.

Abin da na gano a fayil ya hana ni zama. An yanka titin sashe-sashe, kuma turken ƙarfen da ya raba sashe na sha huɗu da na sha biyar yana tsaye ne a bakin ɓular. Wanda motar da ke fita gari ta buge sai ta wurga shi gaba, ya faɗi cikin sha biyar. Wanda mai shigowa ta buge ya faɗi cikin sha huɗu. Fom ɗin 'yan sanda kuwa abu ɗaya yake tambaya: inda aka sami gawa. A shekarar nan sha huɗu yana da mutum huɗu, sha biyar yana da uku. Bara uku da huɗu. Bara waccan huɗu da huɗu. Mutane na mutuwa a taku ɗaya, ana raba su gida biyu, in shekara ta ƙare a share allo a faro daga farko.

Na kwashi fayilolin na shiga wurin shugaban sashenmu.

"Yallaɓai, bakwai ne. Wuri ɗaya ne, ɓula ɗaya."

Ya sauke tabarau ya dube ni. "A takarda nawa ne?"

"Huɗu da uku."

"Madalla, ashe ka iya ƙirge."

"Yallaɓai, turken ne a tsakiya. In aka haɗa sassan biyu, ko aka rubuta inda mota ta bugi mutum..."

"Injiniya, fom ɗin nan tun kana rarrafe ake cika shi. Ya ce inda aka sami gawa. Ka taɓa ganin gawa a wuri biyu?" Ya yi dariya shi kaɗai, ya mayar da tabarau. "In na karya ƙa'ida a nan, gobe unguwa arba'in za su zo min da tasu. Ka sha ruwa, ka huce. Duk mun yi wannan zafin."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba mugu ba ne. Yana zuwa gaisuwar mutuwa, yana tambayar lafiyar iyalinka. Kawai dai ya daɗe da daina ganin mutum a bayan lamba, kuma babu wanda ya taɓa cire masa ko rana ɗaya daga hutunsa saboda haka.

Da yamma na tarar da Yaya a tsakar gida tana shafa wa gwiwarta man zafi. Na ce ta riƙa bi ta gada.

"Auta, kai da ka yi boko, gaya min. Matakala sittin da biyu da wannan ƙafar? In na hau sai dai a sauko da ni a makara."

"Yaya, mutum bakwai bana."

"Na san su, ai ni na wanke zanin da aka rufe biyu daga ciki." Ta rufe kwalbar man. "Waɗannan gaggawa ce ta ci su. Ni kuwa na san titin nan. In tirela ta wuce, bayanta akwai numfashi uku. Na ɗaya ka sa ƙafa, na biyu kana tsakiya, na uku kana jikin shinge. Kai dai ka kawo mana fitilar, babban injiniya, ka bar ni da tirelata."

Na rubuta rahoto shafi shida, da zane da sunaye da ranaku, na tsallake Yallaɓai na kai ofishin sama. Sati biyu bayan nan amsa ta zo.

A wurinmu ba a korar mutum, ba a ma yi masa faɗa. Gusa shi ake yi gefe. Matsayinka na nan, albashinka na nan, teburin ne kawai ya canja. Takardar ta ce saboda ƙwazona an mayar da ni mai kula da sito. Yallaɓai da kansa ya miƙa min makullan yana cewa can ma aiki ne.

Siton dogon ɗaki ne na kwano a bayan ofis. Allunan hanya, gwangwanayen fenti da suka daskare, turakun ƙarfe jibge a ƙasa. A lungu na ƙarshe na ɗaga wani tamfol na tarar da fitilun ba da hannu, saiti goma sha ɗaya, sababbi a kwalayensu, gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Na daɗe a tsaye a gabansu. Ba rashin kaya ba ne ashe, gawa ake jira.

Ranar wata Talata da safe, ƙarfe bakwai da rabi, abokiyar aikin Yaya ta kira ni. Ba ta iya haɗa magana ba, "ɓula" kawai na ji.

Na tarar an rufe ta da farin zanin gado mai tambarin asibiti. Mai sayar da lemo a bakin ƙofa ya ce tirela ta wuce, ta sa ƙafa kamar kullum, sai wata ƙaramar mota ta fito daga bayan tirelar tana neman wuce ta. Motar fita gari ce. Wani kofur na 'yan sanda ya ɗaura bakin tef ɗin awo a jikin turken, yana ja da baya yana karanta wa abokinsa.

"Mita shida, cikin sha biyar."

Ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba. "Kofur, tsaya. Kar ka rubuta."

"Kai wane ne?"

"Ƙaninta ne."

Ya sassauta murya. "Allah ya jiƙanta. Ka yi haƙuri, ka matsa mu gama, a ɗauke ta daga rana."

"Dubi takalminta." Silifas ɗinta na hagu yana kwance a kwalta, taku ɗaya kafin turken. "Nan aka buge ta. Sha huɗu ne."

"Malam, fom ya ce inda aka sami gawa."

"Na san abin da fom ya ce, a ofishinmu ake buga shi. In ka rubuta sha biyar, huɗu da huɗu ke nan, saura sati shida shekara ta ƙare, a share. In ka rubuta sha huɗu, biyar ta cika."

Ya kalle ni kamar wanda ya ga mahaukaci, kuma bai yi laifi ba. Yayata na kwance a ƙasa, ƙafarta ɗaya ta leƙo daga ƙarƙashin zani, ban ko durƙusa a kanta ba, ina tsaye ina jayayya a kan mita shida. A bayanmu mutane na ta ratsa ɓular da gefe, ɗaya bayan ɗaya, suna leƙe suna wucewa, don kowa yana da wurin da zai makara.

Kofur ya dubi takalmin, ya dubi abokinsa. Ya naɗe tef ɗin a hankali.

"Rubuta sha huɗu," ya ce. "Ni ban ga komai ba."

Wata huɗu bayan nan takardar fitar da kaya ta iso sito: saiti ɗaya, sashe na sha huɗu. Ni na ɗaga tamfol, ni na kakkaɓe kwalayen, ni na sa hannu. Ana loda su a mota Yallaɓai ya leƙo, hannayensa a baya. Lokacin rasuwar Yaya ya zo gaisuwa, ya yi zaman awa guda cur.

"Injiniya, ka gani ko?" ya ce yana dafa kafaɗata. "Da ma na gaya maka, in aka bi tsari komai yana zuwa a lokacinsa."

Na cire hannunsa daga kafaɗata. Na koma lungu na ja tamfol a kan sauran goman.