Baka da Waƙafi a Kunnen Yaya

A gida Auta ake ce mata, a ofis kuwa Injiniya. Ita da abokin aikinta, wanda kowa ke kira Dogo, suka ƙirƙiro wani sabon yaren rubuta manhaja, suka sa masa suna Tsani. Ofishin nasu ɗaki ɗaya ne a saman shagon gyaran waya, da tebur biyu, da wata fanka mai ƙara kamar za ta tashi sama, da farin allo inda Dogo ke rubuta yawan masu amfani da yaren.

Gano yawan nan ma sai da suka sha wuya. Da farko suna ƙirga sau nawa aka sauke yaren daga intanet, suna ta murna, ashe rabin masu saukewar injuna ne da ke kwasar duk abin da suka tarar. Sai suka koma ƙirga masu yin tambaya a dandalinsu, tunda inji ba ya zuwa ya yi ƙorafi. Da wannan ma'aunin mutanensu ba su wuce ɗari biyu ba, kuma sun ƙi gaba sun ƙi baya.

Cikin ɗari biyun har da yayanta. Yaya ya rasa ganinsa tun yana sakandare, amma shi ke kula da manhajar wani ƙaramin asibiti. Akwai wata murya a kwamfutarsa da ke karanta masa duk abin da ke kan allo. Tsani ya kwanta masa a rai don da kalmomi ake rubuta shi: a ce "fara", a faɗi abin da za a yi, a ce "ƙare". Muryar takan karanta masa kamar ana ba shi labari. Babu wanda ya kai shi yawan tambaya a dandalin, babu kuma wanda ya kai shi amsa wa sababbin shiga.

Wata rana suka bi waɗanda suka gwada yaren suka gudu, suka tambaye su dalili. Bakinsu kusan ɗaya: yaren ya cika surutu, bai yi kama da waɗanda suka saba ba.

Dogo ya ce, "Injiniya, mu cire kalmomin nan mu sa alamomin rubutu, su baka da waƙafi, kamar kowa. In ba haka ba, daga mu sai danginmu."

Auta ta san abin da hakan zai jawo wa Yaya. Ta ɗauki waya za ta kira shi, ta ajiye. Ta ce a ranta ai gwani ne, zai saba. Ta amince.

Dogo kuwa ya yi gaskiya. Kafin shekara ta zagayo sun haura dubu uku, har wani malamin jami'a ya fara koyar da ɗalibansa da yaren. Dogo na goge allo yana rubuta sabon adadi yana 'yar rawa. Ita ma tana dariya, amma ta lura tambayoyin Yaya sun ragu, daga baya suka ɗauke ɗif. A ma'aunin da ita da kanta ta tsara, yayanta ya fita daga lissafi. Ta fara ƙaurace wa gidansa, kullum uzurin aiki, har matarsa ta kira ta.

"Auta, faɗa muka yi ne ban sani ba?"

"Haba Anti, wane irin faɗa? Ina nan tafe."

Da ta shiga falon, Yaya na zaune a teburinsa ya ba ƙofa baya. Abin sawa a kunnensa ya lalace, don haka muryar a fili take magana: "Buɗe baka mai lanƙwasa. Buɗe baka. Rufe baka. Waƙafi mai ruwa. Rufe baka mai lanƙwasa." Yana naɗe yatsa duk sanda aka buɗe, yana miƙe shi in an rufe. Lissafin ya ɓace masa, ya koma farko. Auta ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da jaka.

"Wannan turaren na Auta ne," in ji shi. "Shigo mana. Yarenku ya koma farauta, ko'ina baka."

Ta zauna a gefen kujera. "Yaya, na san zai ba ka wahala. Tun kafin mu canza na sani."

"Na san kin sani." Ya tsayar da muryar kwamfutar. "Canjin bai dame ni sosai ba, yare naku ne. Abin da ya tsaya min a rai, a dandali na ji, kamar kowa."

Ya gaya mata asibiti ba ya jira. Tunda sun daina gyara tsohon Tsani, ya fara kwashe aikin zuwa wani yaren, har ya kusa gamawa. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. Anti ta kawo shayi, ya huce a gabanta.

Da ta koma ofis ta ce wa Dogo tana so yaren ya karɓi salon biyu, na kalmomi da na baka.

"Aiki biyu ke nan fa, saboda mutum ɗaya."

"Wa ya ce ɗaya ne? Mun taɓa tambaya?"

Suka tambaya a dandali. Mutum huɗu suka amsa cewa da kunne suke aiki, ɗaya ya ce abokansa biyu sun daɗe da tafiya ba su ce komai ba. Dogo ya sosa kai ya yarda, da sharaɗin ita za ta ɗauki nauyin.

Aikin ya ci mata watanni. Da ta tura wa Yaya gwajin farko, tana kan matakalar ofis saƙon muryarsa ya shigo. Ya ce aikin asibiti ya riga ya tafi, ba zai dawo da shi ba, amma zai riƙa taɓa ƙananan abubuwa da Tsani a gida. Sannan ya yi dariya ya ce ya gano kuskure a gwajin: "ƙare" ɗinta ba ta rufe komai in aka sa sharaɗi cikin sharaɗi, ta je ta duba.

Ta saurara har ƙarshe, ta hau sama, ta ja kujera ta buɗe wurin da ya faɗa.