Ciki Ne, Yaya

Washegarin Babbar Sallah na ɗauki 'yata Nazifa muka tashi daga Talata Mafara zuwa Maradun gaida mahaifiyata, Inna Marka. Tun a tasha ta ja hannun rigata ta ce, "Baba, don Allah kada ka gaya wa kowa."

Na ce mata ba zan faɗa ba.

Wata biyar ke nan hanjinta yake ba ta wahala. Likita ya ce ba tsutsa ba ce, ba kuma gyambon ciki ba, hanjin ne yake da saurin tashi. In ta sha nono ko ta ci abu mai yaji da maiƙo, sai murɗa da kumburi, sai zawo. Shekararta goma sha tara, ba ta yi aure ba, kuma ta fi jin kunyar ciwon a kan zafinsa.

Mun tarar da ɗakin Inna a cike. Yayata Taibatu ta zo daga Bakura, ga kuma maƙwabciya, Ummulkhairi, tana kasa naman layya a faranti don rabo. Muka durƙusa aka gaisa, aka tambayi gida da hanya da ruwan bana. Kafin mu gyara zama an dire ƙwaryar fura da nono da kwanon soyayyen nama ja wur da yaji.

"Taso, ƙawata," in ji Inna. "Da hannuna na dama miki."

Nazifa ta ce ta ƙoshi.

"Ƙoshin mi? Ko 'yan Mahwara sun hi ƙarhin hurarmu yanzu?"

Aka yi dariya. Nazifa ta dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai, don ban san yadda ake hana jika abin hannun kakarta a lokacin Sallah ba. Ta ɗauki ludayi ta sha uku. Ina ƙirgawa.

Ba a yi rabin awa ba ta ɗauki buta ta fita. Ta dawo tana gumi, ta sassauta ɗaurin zanenta, ta zauna kaɗan, ta sake fita da sauri.

Yaya Taibatu ta matso ta rage murya. "Sadi, me ke damun ɗiyar nan?"

Na tuna alkawarina, kuma bakina ba zai iya furta kalmar zawo a gaban uwata ba. Sai na nemi magana mai sauƙi.

"Ciki ne, Yaya. Wata biyar ke nan. Mun je asibiti. Ita ce ta ce kada in gaya wa kowa."

Yaya da Ummulkhairi suka dubi juna. Na ɗauka tausayi ne. Ummulkhairi ta ɗora farantin nama a ka ta fita rabo, ni ma na tashi na koma zaure wurin maza.

Muna cikin hirar takin zamani Yaya ta leƙo ta kira ni. Na tarar da Inna ta jingina da bango tana salati, hawaye na bin kumatunta.

"Wa ya yi?" in ji Yaya.

"Ya yi me?"

"Cikin! Kuma ka zauna kana faɗa kamar labarin kasuwa?"

Sai a lokacin na ji maganata yadda su suka ji ta. Na ce, "Innalillahi! Ciwon ciki nake nufi, Yaya. Hanji ne."

"To me ya hana ka ce ciwo?"

Na juya na ga Nazifa tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu. Ta ji komai.

Yaya ta dafe ƙirji. "Ummulkhairi! Gida bakwai za ta kai naman nan."

Na san unguwarmu, a cikinta aka haife ni. Maganar da ta shiga gida bakwai a lokacin Sallah, kafin la'asar baƙi sun ɗauke ta zuwa Damaga da Bakura, jibi kuma tana Mafara, inda Nazifa take makaranta. In na bi baya na ce ciwon ciki kawai, cewa za a yi muna rufa asiri ne. Sai an faɗi ainihin abin ɓaro-ɓaro za a yarda, kuma shi ne abin da na yi alkawarin ɓoyewa.

Na ce, "Nazifa, ni na ɓata. Yanzu sai yadda kika ce."

Ta ajiye butar. Ta buɗe jaka ta miƙo mini katin asibiti da ledar magani.

"Ka ce musu zawo ne, Baba. Ka faɗa da ƙarfi."

Na fita da babbar rigar Sallah, Yaya na biye da ni. A gidan farko maza huɗu ne a zaure suna cin nama. Dole aka gaisa tukuna: ina wuni, an yi Sallah lafiya, ya iyali, ya mutanen Mafara, ya hanya. Ina amsawa ina jin kamar kowace gaisuwa Ummulkhairi tana ƙara gida ɗaya. Da aka gama na matsa bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, na ɗaga murya yadda mata za su ji.

"Salamu alaikum. Sadi ne na Inna Marka. Abin da aka faɗa muku kan ɗiyata kuskuren bakina ne. Ciwon hanji gare ta. Zawo take yi in ta sha nono. Ga takardar likita."

Wani dattijo ya mayar da tsokar da ya ɗauka cikin kwano. Yaya ta shiga da katin, ta daɗe, ta fito ta ce an riga an faɗa musu, har ɗaya ta ɗauko waya.

Haka na yi a gida na biyu da na uku. A na huɗu muka cim ma Ummulkhairi tana fitowa. Ta yi ta rantsuwa cewa addu'a kawai ta nema wa yarinyar. Yaya ta karɓe farantin, ta tasa ta gaba suka koma gidajen tare.

Da na dawo Nazifa tana kwance a gadon Inna, tsohuwar na yi mata fifita. An kawar da ƙwaryar, an ɗora farar shinkafa.

"Gida nawa, Baba?"

"Huɗu."

"Duk ka faɗa?"

"Duk na faɗa."

"Sun yarda?"

Na ce uku sun yarda. Matar gida na biyu ta karɓi katin ta juya shi gaba da baya, ba ta iya karatu ba, ta ce Allah ya sauwaƙe kawai.

Nazifa ta tashi zaune ta jawo mayafinta.

"Gwaggo Taibatu ta raka ni. Ita wannan matar da kaina zan je wurinta."