Amawalin Baffa Falalu

Barau ya koyi shan sigari ne a Kano, shekarar da ya bar karatun allo ya tafi dakon gyaɗa a tashar jirgin ƙasan da Nasara suka kawo. Ya dawo Kiyawa da gwangwani ɗaya na sigarin kanti da niyyar auren Luba, 'yar Malam Sharhabilu na Dutse. Kowa ya san Malam ba ya zama inda ake shan taba.

Ranar da zai je gaisuwa, Baffa Falalu, ƙanen mahaifinsa, ya ara masa farin rawaninsa, ya naɗa masa da hannunsa, ya ja amawali ya rufe masa baki, don ba a zuwa gaban suruki da baki a buɗe. Lado, ɗan gwaggonsa, ya raka shi.

Da duwatsu da dabinon Dutse suka fara bayyana, Barau ya zaro gwangwaninsa. Ya kunna sigari. Hanya kuwa cike take da masu zuwa kasuwa, duk sun san ubansa. Sai ya riƙa zuƙa ta ƙasan amawali, yana busa hayaƙin cikin ƙyallen.

"Ango, me kake dafawa a ciki?" in ji Lado.

"Tacewa nake. Ba ka ga yadda Inna ke tace gasara ba? Ƙyalle ya riƙe dusa, ruwa ya wuce. Warin zai tsaya, iska kawai za ta fita."

"To dusar fa, a ina Inna ke barinta?"

Barau bai saurare shi ba. Ya sha ɗaya, ya ƙara wani.

A zauren Malam suka durƙusa. Malam ya amsa gaisuwa da fara'a, ya tambayi mutanen gida. Aka kawo fura. Barau ya sauke amawali zai sha, sai ya ga idon Malam ya tsaya a ƙirjinsa. Ya duba. Daidai inda bakinsa yake, ƙyallen ya yi tabo ruwan ƙasa, mai danƙo, da zanen leɓɓansa a jiki. Lado ya sunkuyar da kai cikin ƙwarya.

Malam ya miƙo hannu, ya taɓa wurin, ya shinshina yatsa.

"Rawanin Falalu ne wannan?"

"Nasa ne, Allah gafarta Malam."

"Hayaƙi dai ido ke ganinsa kamar iska. Ashe yana da jiki." Ya goge yatsan a tabarma. "Wannan abin da ƙyalle ya kama ke nan. Sauran yana ina?"

Bayan zana, matan gidan suka daina daka.

"Je ka wanke. In ya koma fari, ka dawo mu yi maganar Luba," in ji Malam.

Barau ya wanke da sabulun salo, ya jiƙa da kanwa, ya matsa lemun tsami, ya shanya a kan dutse. Tabon ya dushe, ya koma launin ruwan tsamiya, amma bai fita ba. Gwangwanin kuwa ya ba wani mai jaki.

Da ya mayar da rawanin, Baffa Falalu ya ɗaga shi a rana, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ninke, ya mayar masa.

"Riƙe shi, naka ne. Ranar kasuwa ka naɗa, mu je wurin Malam tare. Ni zan yi maganar Luba, kai ka zauna da tabonka a waje, kowa ya gani."