Ranar Ruwan Yaya Bilya

A shekarar 2007 ni ce mai kula da zauren masoya Raliya 'Yar Bunkure a intanet, mawaƙiyar da kaset ɗinta ke tashi a kowace gonar rani ta yankinmu. Mu arba'in ne da 'yan kai, rabi manoma, kuma duk 'yan Kura a kafen intanet ɗaya muke shiga, na Hambali, mai kwamfuta uku da janareto mai tari. Aikin ba lada, sai ciwon kai.

Ba wanda ya kai Sabina ƙoƙari a zauren. Maman Emma muke ce mata, ungozoma ce daga Filato, shekararta goma sha biyu a garinmu. Sabuwar waƙa na fitowa, kafin kwana biyu ta rubuto mana baitocinta tsaf.

Kwatsam sai ga saƙo: "Ke baƙuwa, ina ruwanki da waƙarmu? Koma garinku." Na goge, amma kowa ya riga ya gani. Mako ya zagayo wani saƙon ya shigo, sannan na uku, kowanne ya fi na baya muni. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne adireshin da suke fitowa. Na Yaya Bilya ne, wana uwa ɗaya uba ɗaya.

Maman Emma ta tare ni a bakin kasuwa, idonta jawur.

"Sa'a, cire sunana kawai. Zagi ba ya kashe ni. Amma Bilya? Ni na karɓi haihuwar 'ya'yansa uku. In shi haka yake kallona, sauran fa?"

Kunya da haushi suka rufe ni. Na nufi kafe ina huci, niyyata in kore shi daga zauren, in je gida in wanke shi tas, wa ko ba wa ba. Har na kai hannu zan cire shi, sai idona ya faɗa kan kwanan watan saƙonnin, har da na wanda na goge, wanda kwafinsa ke wajena. Duka ukun ranar Talata aka turo su, da hantsi.

Talata kuwa ita ce ranar da ake sako wa layin gonakin su Yaya Bilya ruwan kanal. Mutumin da sunan ɗansa ya faɗo Talata, ya bar mutane da goro a hannu ya tafi ban-ruwan tumatir, shi ne zai zauna gaban kwamfuta?

"Malam Hambali, wa ya san lambar sirrin Yaya Bilya?"

Ko a jikinsa, ya ɗaga kalandar da ke rataye a bango. A bayanta sunayen manoma ne reras, kowa da lambarsa a gefe.

"Ai mantawa suke, Sa'a. Kullum sai sun dame ni, shi ne na rubuta musu a nan kowa ya duba tasa."

Na zauna daɓas, ban san sanda dariya ta ƙwace mini ba, har da ƙwalla. Na cire kalandar, na sa aka canja wa kowa lamba, na kuma saita zauren yadda ba saƙon da zai wuce sai na karanta na buɗe masa ƙofa. Mai zagin bai sake motsi ba, har yau ban san ko wane ne ba.

Daga gona na jawo Yaya Bilya, da taɓo har gwiwa, sai gidan Maman Emma. Na shimfiɗa mata kalandar na yi bayani.

"Wane saƙo kuma?" in ji shi. "Ni rabona da kafe tun kafin dashe."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sauke ajiyar zuciya.

"Bilya, sati uku ina kauce wa layin gidanka."

"Ashe shi ya sa! To don Allah ki daina, Maman Emma. Matata Kubra ta shiga watanta, ta kuma rantse ba mai taɓa ta sai ke."

Maman Emma ta share ido da gefen zani, ta miƙe ta ɗauko jakar aikinta.

"Mu je in duba ta yanzu."