Shafin da Aka Ce a Yaga

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, ai mun matso.

An yi wani dattijo mai shagon fotokwafi a bakin titi, jikin shagon tela. Shi dai ba abin da ya tsana kamar ya ga takarda ta lalace. Ka kawo masa takardar makaranta duk ta yamutse, sai ya lallaɓa ta, ya sa ta cikin leda, ya tura a injin nan mai zafi, ta fito tana sheƙi. Ya ce maka, "Je ka, har jikokinka sai sun gan ta."

To, sai Allah ya ba shi auta mai yin littattafan da ba a ajiyewa. Zane ta karanta, amma ba ta zana komai. Da hannunta take haɗa takarda, ta ɗinke, kowane shafi umarni ne ga mai karatu. Wani shafin ya ce ka tsaya bakin taga har wani ya ɗaga maka hannu, wani ya ce ka ba baƙo shafin nan ka tafi. Mutane su taru a babban ɗaki su aikata, aikin fasahar ke nan.

Tela yakan leƙo ya ce, "Maƙwabci, wai 'yar taka littafi take rubutawa ko aiken mutane take yi?"

"Kai dai ji da wandon da ka ɗinke wa ƙafa ɗaya," in ji dattijo. Amma shi ma bai gane ba.

Matar dattijo ta rasu, fulawar nan ja da take shukawa jikin katanga ta bushe a bayanta. Auta ta tsinci sauran irin a ƙulle a bakin wani tsohon mayafin uwar. Ta jiƙa mayafin, ta daka, ta yi takarda da shi, ta zuba irin duka a ciki. Littafi mai shafi ɗaya ta yi, ta kawo wa uban. An rubuta: Yagi wannan shafi. Binne shi. Ku ba shi ruwa, kai da wadda ta ba ka.

"Baba, irin fulawar Mama ne a ciki, babu wani sai shi. In ka shirya ka kira ni."

Ya shafa ya ji ƙwayoyin a ƙarƙashin yatsunsa, ga zaren mayafin da ya sani. Ya ce, "To, Auta."

Bai kira ba. Kullum sai ya fito da shafin daga durowa ya kama gefen, hannun ya ƙi. Mutumin da ya tsufa yana ceton takarda, a ce ya yagi wannan? In Auta ta bugo waya ta tambaya, ya ce sai ruwa ya sauka. Ruwa ya sauka, ya ce sai ya ɗauke.

Wata safiya ya tarar kyankyaso ya ɓalli gefen shafin. Ya ce bari ya kare shi kafin ya shirya, leda ai yankewa ake yi. Ya kunna inji ya tura. Shafi ya fito sumul, da ɗumi, da wani ɗan ƙauri da bai kula da shi ba.

Da Auta ta zo, har da murnarsa ya miƙa mata. Ta juya shi ta ɗaga wajen haske, ta daɗe tana kallon ƙwayoyin da suka baje suka yi baƙi.

"Baba, injin yana da zafi ko?"

"In ba zafi ai leda ba ta kamawa."

Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Ya nemi kujera ya zauna. Auta ba ta yi faɗa ba, shi kuwa da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta leƙa shagon tela ta ce, "Kawu tela, ara mana almakashi." Tela ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskar maƙwabcinsa, ya miƙa kawai.

Suka yanke ledar, takardar ta manne, ba ta fita sai a gutsure. Dattijo ya yaga da hannunsa, suka binne jikin katanga. Kowace yamma Auta ta zo, ya riƙe bokiti tana yayyafawa, suna hirar uwar, wadda tun rasuwar ba su taɓa yi ba. Shi ne yake durƙusawa yana duba ƙasa. Ciyawa ta fito, ya bar ta ta girma ko da ita ce. Ba ita ba ce.

Auta ta sami aikin koyarwa a wani gari ta tafi, tana can tana littattafanta. Tela yana nan da tsiyarsa, amma bai ƙara taɓa zancen aike ba. Dattijo yana shagonsa, in an kawo takarda a sa mata leda sai ya tambaya ko an tabbata. Fulawar ba ta fito ba.