Abin da Guguwa ke yi a ɗakin zannuwa

Ni dai Allah bai yi ni da yarda da mutum mai yawan ɓuya ba. Shi ya sa da Babbar Sista, shugabarmu ta ma'aikatan jinya, ta ja ni gefe ta ce in sa wa Guguwa ido, ban yi musu ba, don dama a cike nake.

Guguwa abokiyar aikina ce, tare aka sa mu cikin masu kai agajin gaggawa. In ƙararrawa ta buga, wato zuciyar wani majiyyaci ta tsaya, mu ke rugawa mu hau bene mu danna masa ƙirji har ta dawo, ko kuma Allah Ya yi ikonSa. Saurinta ne ya jawo mata sunan. Kafin ni in kai hawa na biyu ina haki, ita har ta durƙusa a kan gado tana aiki.

To amma an ga sabon salo. Da ta gama nata zagayen danna ƙirjin ta miƙa wa na gaba, sai a neme ta a rasa. Can sai ta fito daga ɗakin ajiye zannuwan gado, ido ja, hannu na rawa, ta ƙi yarda a haɗa ido da ita. Kuma lokacin ne keken magungunan gaggawa yake buɗe, hankalin kowa na kan majiyyaci.

"Kin san abin da ke sa hannun nas rawa," in ji Babbar Sista, murya ƙasa-ƙasa. "Mun taɓa gani a gidan nan. In allura take yi wa kanta, ba aikin kaɗai za ta rasa ba, har lasisinta."

Na ce, "Sista, biri fa ya yi kama da mutum."

Na shiga sa ido kamar mage a bakin rami. In ta naɗe hannun riga za ta wanke hannu, ina gefenta ina leƙen jijiyoyinta. Babu tabon allura, sai na ce a raina ai masu wayo a ƙafa suke yi. Aljihunta na dama kullum a kumbure, kuma tana dafe da shi. Na taɓa tsokanarta, "Ƙawata, ƙwai kike kwanci a aljihun nan ne?" Ta yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba, ta wuce abinta. Raina ya sosu, don a da ko ciwon kai ba ta ɓoye mini.

Wata rana da hantsi ƙararrawa ta buga, a can hawa na sama. Wani dattijo ne. Guguwa ta danna, ta danna, zufa na ɗiga daga haɓarta, har zuciyarsa ta motsa. Ana cikin hamdala na ga ta sulale. Na bar safar hannuna a kan gado na bi ta.

Ƙofar ɗakin zannuwan ba ta kulluwa. Na tura da ƙarfi, maganar da zan gasa mata tana bakina.

Tana zaune a ƙasa, ta jingina da tarin barguna, kafaɗunta na hawa da sauka. Ƙirjinta na fito kamar buta a kan wuta. A hannunta abin shaƙa ne irin na masu asma, tana ta matsawa, babu abin da ke fitowa. Ya ƙare.

Na ruga na kawo abin rufe hanci da maganin tururi, na ɗaura mata, na zauna ina riƙe da tsintsiyar hannunta har fiton ya lafa. Sai a nan na tuna abin da kowace ɗalibar jinya ta sani: maganin shaƙar nan shi ma yana sa hannu rawa. Mu duka mun karanta, amma da muka ga hannun nas na rawa, allura kaɗai ta zo mana a rai.

"Tun yaushe?" na tambaye ta.

"Da daɗewa. Sai na yi gudu yake kama ni, kuma ba nan take ba, sai na tsaya." Ta ja numfashi. "Na sa wani likita ya saurari ƙirjina a tsaitsaye, ya ce fes yake. To ai a zaune na wuni ranar. Sai nake sayen wannan da kaina."

"Kin taɓa buɗe kati an duba ki kamar kowa?"

"Ni? In zauna a bencin da nake kiran mutane?" Ta riƙe rigata. "Don Allah kar ki faɗa. Cire ni za su yi. Wannan aikin kaɗai na iya, ƙawata."

Na ce, "Ana shirin ce miki 'yar ƙwaya, ke kina ta benci."

Ta dube ni. "Ashe leƙen hannuna da kike yi ke nan."

Na faɗa wa Babbar Sista a ranar, na ajiye mata fankon abin shaƙar a kan tebur. Zargi ya mutu, lasisi ya tsira. Amma an cire Guguwa daga cikinmu, an mayar da ita ƙasa wajen awon hawan jini, har sai likitan ƙirji ya sa ta gudu ya gwada ta ya ga yadda magani zai karɓe ta. Ta daina yi mini magana. Ko a hanya muka haɗu, sai ta ga abin kallo a bango. Ya yi mini ciwo ƙwarai, amma da za a sake, haka zan sake yi.

Shekaranjiya ƙararrawa ta buga ina ƙasa. Na taho a guje, na gan ta tsaye a bakin ƙofar ɗakin awo, ƙafa ɗaya a waje, hannu ya riƙe ƙyaure gam kamar shi ke hana ta tafiya.

"Ki miƙe gwiwar hannunki in kina dannawa," ta ce da ni. "Kullum sai kin lanƙwasa. Yi sauri mana."

Na hau benen ni kaɗai, babu kowa a gabana.