Layin da Yaya Ya Ce Kar a Taɓa

Ni da Yaya mun fi shekara shida muna faɗa a kan fayil guda. Manhajarmu ta tuna wa mutane lokacin shan magani ce, kuma ba mu muka rubuta komai nata ba. Tana jingine da guntayen aikin wasu sama da tamanin, wannan na agogo, wancan na sauti, wani na ajiya. Fayil ɗin shi ne jerin sunayensu, kowanne da lambar fitowar da muke aiki da ita. Lamba ɗaya ta goce, sai abu ya haɗu lafiya a kwamfutata ya ƙi haɗuwa a tasa, ko ya tashi a wannan waya ya mutu a waccan.

Shi Yaya mai buga ƙusa ne. In ya samu lambar da ta yi masa, sai ya kafe ta, ko masu ita sun fito da sabuwa sau goma. Wanda ya fi ci min rai shi ne layi na arba'in da ɗaya, guntun sauti, tsoho tukuf. A gefensa ya rubuta: kar a taɓa, zan yi bayani.

"Yaushe za ka yi bayanin?" in ce masa.

"Uwar gyara, bar min layina. Je ki gyara teburinki, ya fi buƙata."

Bai yi bayanin ba. Ciwon kwana tara ya ɗauke shi, Allah ya jiƙansa, ya bar ni da kujerarsa da kofinsa mai karyayyen hannu da fayil ɗin nan.

Tun farko don Inna ya fara manhajar, lokacin da idonta ya yi rauni ta fara rikita ƙwayoyi. Ya zauna a bakin gadonta ya naɗi muryarsa a tsohuwar wayarta, wadda aka ɗaure bayanta da roba. Sau huɗu a rana wayar takan yi magana da bakinsa. Bayan rasuwarsa, wallahi muryar nan ce ke tashin Inna daga kwance. Har amsa masa take yi: "Na ji, sarkin naci."

Wata na bakwai da rasuwarsa sai abin ya fara ƙin haɗuwa don sabbin wayoyi. Kullum na buɗe allo, ja, alamar kuskure. Na bi sawu, ina ya kai ni? Layi na arba'in da ɗaya. Masu kantin magani da ke ba abokan cinikinsu manhajar suka dame ni da kira. Dogo, abokin aikinmu na uku, ya leƙo ta saman allona ya ce, "Anya? Mutumin nan ba ya kafe abu a banza."

"To tashe shi ya gaya mana dalili!" na daka masa tsawa. Dogo ya koma kujerarsa.

Gaskiya haushin Yaya nake ji. Haushin ya tafi bai yi sallama ba, haushin ya bar ni da kalma shida a gefen layi. Na goge tsohuwar lambar, na sa sabuwa, na goge gargaɗin ma. Ba wai ban gwada ba. Na haɗa a kwamfuta iri uku, na gwada a wayoyi biyar da ke cikin aljihun teburin ofis. Duk kore, reras. Har na ɗan ji daɗi, na ce a raina, ka gani ko, Yaya? Na saki manhajar ga jama'a da rana tsaka, na tafi cin abinci.

Washegari ina ɗaura takalmi Inna ta kira.

"Auta, yayanki bai yi magana ba yau. Wata mata ce ta yi, da wata irin murya kamar ta toshe hanci."

Ban san yadda na isa gidan ba. Na karɓi wayar, na jona ta da kwamfutata a kan tabarmar ɗakinta. Manhajar ta sabunta kanta. Sabon guntun sautin bai san irin naɗin da tsohon ke yi ba, don haka da ya tashi, sai ya ɗauki duk abin da ya tarar a ma'ajiyar a matsayin shara, ya share. A wayoyin ofis babu tsohon naɗi ko ɗaya, me za su nuna min? Wayar Inna ba ta cikin jerin gwajinmu, domin Yaya da kansa ne gwajinta. Duk ƙarshen mako in ya zo gaishe ta, sai ya ɗauki wayar ya yi 'yan danne-danne, ni kuwa ina zaton wasa yake.

Na duba kwamfutarsa, na duba ma'ajiyarmu ta ofis. Dogo ya kai wayar wurin masu gyara har biyu. Babu. A wayar nan kaɗai muryar take. Abin da ya fi ƙona min zuciya, layi ɗaya ya isa: in ce sabbin wayoyi su ɗauki sabuwar lamba, tsofaffi su zauna a tasu. Aikin minti biyu ne, kuma na iya shi sarai.

Kwana uku ina ce mata ana kan gyara. Na huɗu na durƙusa gabanta na faɗa mata ni ce. Na so ta zage ni, ko ta ɗaga hannu. Sai ta shiga shafa robar bayan wayar.

"To ke ki naɗa min," ta ce. "Ba na son matar can."

Na danna wurin naɗi, na buɗe baki, sai na tarar ban san me yake cewa ba. Shekara shida ina jin abin nan ta bayan kunne, ban taɓa tsayawa na saurara ba.

"Inna, yaya yake faɗa?"

Ta gyara zama, ta rufe idonta. "Innata, ƙarfe bakwai ta yi. Fara guda, ja rabi." Ta tsaya, ta yi ɗan tari sau biyu, irin nasa sak, domin a daidai nan ya yi tari ranar da ya naɗa. "Ki ci wani abu tukuna. Kuma kar ki ce kin sha alhali ba ki sha ba, zan zo in ƙirga."

Wayar na hannuna tana ta naɗa.

"Faɗi mana, Auta," ta ce. "Tarin ki bar shi, wannan nasa ne."